Kundin Gyaran Bugun Ayan: Daga Hunturu Zuwa Damina

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne saboda bugu guda a wasan golf, wato wanda ke kai ƙwallo kan girin, ɗan filin nan mai gajeriyar ciyawa inda rami da tuta suke. Sandar direba, ta bugun farko mai nisa, ba ta cika ba ni ciwon kai ba, fota ma, ta gangara ƙwallo cikin rami, da dama-dama, amma daga yadi 170 zuwa yadi 100, inda ake zaro sandunan ayan, masu kan ƙarfe da lamba a jiki, daga jaka, nan wasana yake zubewa. Wannan bugun ya fita tas, na gaba sanda ta sari ƙasa kafin ta iske ƙwallo, na bayansa kuma ta shafi ƙeyarta, ƙwallo ta bi ƙasa da gudu ta tsallake girin ta faɗa ramin yashi.

Ba ni kaɗai wannan bugun yake kayarwa ba. Mark Broadie, farfesa a Jami'ar Columbia da ke Amurka, ya bi diddigin bugun ƙwararrun gasar PGA Tour, ya gano cewa kusan kashi 40 cikin 100 na fifikon da manyan 'yan wasa ke da shi a kan sauran daga bugun tunkarar girin yake fitowa, fota kuma kusan kashi 15 ne kawai. Amma je ka wurin atisaye a filin golf na Kano ranar Asabar da safe ka gani: kowa direba ne a hannunsa, ana gasar wa zai fi kai ta nesa.

Inda nake a yau: handikaf ɗina, lambar da ke nuna matakin ɗan wasa, wadda take raguwa in ya ƙara iyawa, yana wajen 19. Sandunan da nake bugawa na wana ne, ya bar mini su da ya daina wasa. Irin masu siririn kai ne, bayansu a shafe babu rami, ƙotarsu Dynamic Gold S300, mai nauyin kusan giram 130. Ya fi ni tsawo, kuma lokacin da ya saye su yana ji da ƙarfi. Ni kuwa ina hangen hamsin, yinina a kujerar ofis da kujerar mota yake ƙarewa.

Aikin hannu biyu ne, kaya da jiki. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne ba zan sayi sanda ko ɗaya ba sai na san abin da jikina yake yi a lokacin da sanda ke haɗuwa da ƙwallo.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Gwaji biyu na yi, duka ba sa cin kuɗi. Na farko, na goga alli a fuskar ayan 7, duk bugu sai in duba inda ƙwallo ta bar tabo. Tabon ya watsu ko'ina, amma ya fi taruwa can wajen bakin sanda, wato ƙarshen kanta da ya fi nisa da ƙota, da kuma ƙasa-ƙasa. Na biyu, na ja layi a ƙasa, na jera ƙwallaye a kansa, ina duba inda sanda ta fara taɓa ƙasa. Yawanci kafin layin ne, wani sa'in da faɗin yatsu uku.

A nan asirin bugun ayan yake. Kan sanda yana zana baka ne a iska, kuma bakan nan yana da wurin da ya fi yin ƙasa. Wurin nan dole ya kasance gaba da ƙwallo, ta ɓangaren da ake nufa. Ƙwallo tukuna, sannan ƙasa. Ƙwararru suna iske ƙwallo da ayan 7 kan sandar yana kan gangarowa da kusan digiri 4, shi ya sa fatar ciyawar da suke ɓamɓarowa take fitowa daga gaban inda ƙwallo ta zauna. Ba a cusa sanda ƙarƙashin ƙwallo don a ɗaga ta, kwanciyar fuskar sanda ce ke yin wannan aikin.

Ƙasarmu kuma ba ta yafiya. Ruwa ya ɗauke tun watan jiya, ciyawa ta fara kwanciya, ƙasa ta ƙeƙashe. A fili mai laushi, in ka sari ƙasa da wuri kaɗan, sanda za ta ɗan zame ta kai ga ƙwallo. A nan kuwa tsalle take yi, kaifin ƙasanta ya daki cikin ƙwallo, hannunka ya ɗauki zafin har gwiwa.

Kadina, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana ɗaukar jaka a filin nan, ya tsaya a bayana yana kallo bai ce uffan ba sai da na tambaye shi. Ya ce, "Alhaji, ni dai abin da na gani, kana fara bugu a sunkuye, kana gamawa a tsaye. Ƙugunka gaba yake tahowa wajen ƙwallo." Na ce, "To Baba, sandar fa?" Ya ce, "Sandar ma da nata, amma ita ba ta miƙewa da kanta."

Asabar, 7 ga Disamba

Na sa yarona ya ɗauke ni bidiyo da waya daga baya, kuma maganar Baba ta fito fili. Da sanda ta fara saukowa sai mazaunaina su matso gaba, ƙirji ya ɗaga, hannaye su rasa hanyar wucewa su yi sama. Masu nazarin jikin 'yan golf, irin cibiyar TPI da kamfanin Titleist ya kafa a 2003, sun daɗe suna nuna cewa wannan miƙewar sau da yawa ba rashin sani ba ne, jiki ne yake kauce wa abin da ba zai iya ba.

Don haka na je wajen wani ma'aikacin fisiyo, ƙanin abokina, ya gwada ni. Tsuguno bai ba ni wahala ba, wanda ya saba zaman tabarma da cin tuwo a ƙasa ba ya rasa wannan. Matsalar ta fito a wurare uku. Da ya kwantar da ni ya murɗa cinyar hagu ciki, da ƙyar ta motsa. Da ya zaunar da ni a kujera, sanda a gicciye a kafaɗa, ya ce in juya ƙirji ba tare da gwiwoyi sun motsa ba, ban yi nisa ba na tsaya. Da ya ce in tsaya da ƙafa ɗaya in rufe ido, kafin ya gama gyara agogonsa na dafa bango.

Bayaninsa ya zauna mini. Ya ce, "Yaya, kwatangwalo da bayan ƙirji an yi su ne don juyawa, ƙasan baya kuma don tsayawa daram. In biyun nan suka ƙi juyawa, ƙasan baya ne yake biyan bashin." Ashe ciwon kwankwason da nake ji duk ranar Lahadi ba tsufa ba ne kawai.

Abin da ya ɗora ni a kai, bayan sallar asuba, wajen minti ashirin: zama a ƙasa gwiwoyi a lanƙwashe, ina kwantar da su dama da hagu, kwanciya ta gefe ina buɗe hannu ɗaya baya har ƙirji ya kalli rufi, kwanciya rigingine ina ɗaga ƙugu da ƙarfin tsokar mazaunai, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya ina sunkuyawa. Kwana biyu a mako kuma aikin nauyi: tsuguno rungume da jarka cike da yashi, da jan tsohon tib na keke da na ɗaure a ƙarfen taga. Wanda ya fi shiga raina shi ne na bango. In tsaya mazaunai na taɓa bango, in yi motsin bugu ba sanda, kada su rabu da bangon har in gama. Uwargida ta leƙo ta gan ni ta ce, "Malam, lafiya kake goga wa bango baya?"

Asabar, 28 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai, daga wurin bugu da ƙyar ake hango tuta. Sanyin safe yana sa jiki ya ƙi sakuwa, don haka yanzu sai na yi tafiya mai sauri da juye-juyen ƙugu kafin in taɓa ƙwallo.

Sharaɗin rashin saye bai hau kan robar riƙo ba. Ta jikin sandunan ta bushe ta yi santsi, hunturu ya ƙarasa ta, har tana tsagewa. Roba mai santsi tana sa mutum ya damƙe sanda da ƙarfi ba tare da ya sani ba, damƙar kuma tana ƙage wuyan hannu da damtse. An yanke tsofaffin, an naɗa salatif mai manne ciki da waje, an jiƙa da kananzir, an zura sababbi. Na zaɓi masu zare a jiki saboda gumin bazara da ke tafe. Girman ma na duba: in ka riƙe da hannun hagu, yatsan tsakiya da na kusa da shi su ɗan taɓa tudun tafin hannu, kada su nutse, kada kuma a bar rata.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Wani sabon abu ya ɓullo. Sarar ƙasa da wuri ta ragu, tabon alli ya fara matsowa tsakiya, amma ƙwallo ta koma tafiya hagu, musamman da ayan 8 da 9. Kafin yanzu ban san wannan matsalar ba.

Kocin da nake gani jefi-jefi ya warware mini. Sandunan wana sun fi na gama-gari tsawo da rabin inci, kuma an ɗaga zamansu, wato yadda ƙota ke miƙewa in an ajiye kan sanda a ƙasa, don dogon mutum. A hannuna, bakin sanda sama yake kallo, diddigenta ne ke fara taɓa ƙasa, kuma fuskar da ke kwance in bakinta ya ɗaga, hagu take nufa ga mai bugu da dama. Gwargwadon kwanciyar fuskar, gwargwadon karkatar, shi ya sa gajerun ayan suka fi nunawa. Da can miƙewar da nake yi tana ɗaga hannayena, ta dawo da bakin sandar ƙasa. Aibu biyu ne suke rufa wa juna asiri. Da jiki ya fara gyaruwa sai na sandar ya fito.

Mun tabbatar da gwajin layi. A ja layi da maka a jikin ƙwallo, a ajiye ta layin a tsaye yana fuskantar sanda, a buga. In shatin da ya fito a fuskar sanda a tsaye yake cak, zama ya yi daidai. In samansa ya karkata wajen bakin sanda, ta cika miƙewa. Nawa duk wajen baki suka karkata.

Wani abin kuma da ya kamata in rubuta, don yana ruɗar mutane da yawa a wurin atisaye. Abokin wasana, sa'ana ne kuma bai fi ni ƙarfi ba, yana kai yadi 155 da ayan 7, ni ina fama da 135. Muka duba lambobin da kamfanin ya wallafa, sai ga shi kwanciyar fuskar tasa digiri 28 ce, tawa 35. Tsakanin ayan da mai bi masa kusan digiri 4 ne, wato abin da yake kira 7 ya kusa zama 5 a jakata. Babu dokar da ta ce lamba kaza dole ta zama digiri kaza, kamfanoni kuma sun gane cewa mai saye nisa yake kallo. Ni ban ga laifin sandar ba in tana ɗaga ƙwallo sama yadda ya kamata. Laifin yana ga wanda zai sayi lamba ya ɗauka ƙarfi ya saya. Kuma a busasshen girin na watan Janairu, ƙwallon da ta zo a kwance ba ta tsayawa, ta abokina sau da yawa a bayan girin muke tsinto ta.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Aiki ya kai ni Abuja cikin makon nan, na yi amfani da damar na je inda suke da na'urar auna bugu, irin mai rada da ke karanta gudun sanda da tashin ƙwallo da juyawarta. Gudun ayan 7 ɗina yana wajen mil 76 a awa. Na ƙwararrun PGA Tour yana wajen 90, ƙwallonsu kuma tana sauka bayan yadi 170 da wani abu. Ƙotar giram 130 mai tauri don irinsu aka yi ta. Ni ɗaukarta nake yi, ba kaɗa ta ba, kuma daga rami na 13 cikin 18 na zagaye zuwa sama kafaɗuna ne suke faɗa mini haka.

Mai awon ya yi ta sauya mini ƙota a kan kai ɗaya. Girafayit, ƙota mara nauyi da ba ta ƙarfe ba, mai giram 70 da ɗoriya ta ba ni gudu, amma na daina jin inda kan sanda yake, ƙwallaye suka watsu dama da hagu. Ƙarfe mai giram 105 ya yi kyau. Mai giram 95, matsakaicin tauri, shi ya fi tara ƙwallaye wuri guda, kuma sun fi tashi sama. Ban zaɓa da bugun da ya fi nisa ba, na zaɓa da yadda munanan bugun suka kasance, don su ne suka fi yawa a katin maki.

Batun kai kuwa ba a daɗe ana muhawara ba. Karsten Solheim, injiniya haifaffen Nowe da ya yi aiki a General Electric kafin ya kafa kamfanin Ping, shi ya yaɗa dabarar rarake bayan kan ayan a tura nauyin zuwa gefuna. Amfaninta shi ne in ƙwallo ta sami baki ko diddige, kan ba ya murɗewa sosai, nisa ba ya zubewa da yawa. Samfurinsa Eye2 na 1982 ya cika jakunkuna a duniya, har yau ana ganinsa a hannun dattawa a filinmu. Shi ne kuma ya fito da ɗigon launi a jikin sanda don nuna irin zamanta. Siririn kai irin na wana yana da daɗi in aka sami tsakiya, amma tsakiyar tasa ƙarama ce ƙwarai.

Inda muka ɗan ja shi ne batun zaman sanda. Awon yau ya nuna na gama-gari ya yi mini, amma watanni biyu kawai na yi ina aikin jiki, kuma tsayuwata tana kan sauyawa. Tela ba ya yanka yadi a kan awon mutumin da yake tsakiyar ramewa, sai dai ya bar wurin ragi. Wurin ragin a nan shi ne irin ƙarfen. Kan da aka ƙera da ƙarfe mai taushi ana iya lanƙwasa wuyansa digiri ɗaya ko biyu a injin da aka yi don haka. Wanda aka zuba a mazubi da ƙarfe mai tauri yakan yi gardama, wani ma ya karye. Don haka: ƙerarren kai mai rami a baya, tafinsa ba mai faɗi sosai ba saboda taurin ƙasarmu, tsawon gama-gari, ƙota giram 95, ayan 7 kada ya gaza digiri 31.

Sababbi fil, da dala sama da naira 1,500, ba maganarsu ake ba. Na hannu zan nema. Wani ya turo mini hoton saiti a WhatsApp, sabo a leda, sunan babban kamfani, kuɗinsa bai kai rabin na gwanjo ba. Araha ba ta ado. Jabun sanduna sun yi yawa, kuma ba a fenti ake kama su ba, a sikeli ne: kawunan ayan na gaskiya kowanne ya fi na gabansa nauyi da kusan giram 7, ƙota kuma tana raguwa da rabin inci, bi da bi. Na jabu ba sa bin wannan tsari, sai ka ga 6 da 7 suna kai nisa ɗaya.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi yau. Na mayar da aikin nauyi bayan tarawihi, na rage shi, miƙe-miƙen jiki kuma suna nan bayan asuba. Zagayen ramuka 18 a ranar nan ba da ni ba. Bayan la'asar nakan je da ayan 9 kaɗai in yi rabin bugu a kan layi, nauyin jiki a ƙafar hagu tun daga farko, har a kusa kiran magariba.

Asabar, 22 ga Maris

Gwiwar hannun hagu ta fara zafi ta waje, har ɗaga buta ina ji. Ma'aikacin fisiyon ya ce jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu ce ta gaji da dukan busasshiyar ƙasa, ga nauyin tsofaffin sanduna, ga ƙarancin ruwa a jiki. Ya hana ni bugu na ɗan lokaci. Ya ba ni aiki da gorar ruwa: in ɗora damtse a kan cinya, tafin hannu na kallon ƙasa, in ɗaga gorar da taimakon ɗaya hannun, sannan in sauke ta a hankali da mai ciwon shi kaɗai. Saukewar ce maganin. Ya ce in zafin ya ƙi tafiya a sake duba batun girafayit, don tana shanye girgiza fiye da ƙarfe.

Sandunan sun iso ta hannun wani ɗan'uwa da ya dawo daga Ingila. Daga 5 zuwa fichin weji, gajeriyar sandar da ke bin ayan 9, an ɗan buga su amma tsagogin fuskarsu da sauran kaifi. Suna jingine a ɗaki, kallo kawai nake yi.

Litinin, 14 ga Afrilu

Jiya na raba dare a gaban talabijin, sai bayan sha biyu aka gama gasar Masters a Augusta. Rory McIlroy ya ci, bayan ya doke Justin Rose a ramin raba gardama, ya zama mutum na shida da ya haɗa manyan gasa huɗu duka, bayan Gene Sarazen, Ben Hogan, Gary Player, Jack Nicklaus da Tiger Woods.

Ga mai wannan kundi, ranar ta ayan ce daga farko har ƙarshe. A rami na 13, da weji a hannu, ƙasa da yadi 100, ya jefa ƙwallo a rafi. Ramuka biyu bayan haka, a na 15, ya zaro ayan 7 daga sama da yadi 200, ya lanƙwaso ta ta gefen bishiyoyi, ta tsallake ruwa ta zauna kusa da tuta. Na maimaita bugun a waya ina kallon ƙugunsa kawai. Ba ya matsowa wajen ƙwallo ko kaɗan, baya yake komawa yana buɗewa, hannaye su sami fili su wuce. Mutumin ba dogo ba ne, ƙarfin daga ƙafafu da mazaunai yake tasowa. Gary Player, ɗan Afirka ta Kudu da aka haifa a 1935, tun ana yi masa dariya yake ɗaga ƙarfe, a zamanin da 'yan golf ke ganin motsa jiki zai ɓata musu bugu. Yanzu da wuya ka ga ƙwararren da ba ya horar da jiki.

Gwiwar hannu ta lafa. Na fara taɓa sababbin sandunan tun bayan ƙaramar sallah, rabin bugu tukuna.

Asabar, 3 ga Mayu

Zafi ya wuce digiri 40, sai sammako. Yau aikin awo muka yi ni da Baba. Ya tsaya can gefe inda ƙwallo ke sauka, yana kafa tsinke a inda ta fara dira, ba inda ta tsaya ba. Bambancin nan a Kano babba ne. A wannan ƙasar ƙwallo tana iya gangarawa yadi ashirin bayan ta sauka, sai mutum ya riƙa cewa ayan 7 ɗinsa na kai 160, ranar da ramin yashi ya tare gaban girin kuma ya rasa abin da ya faru. Na jefar da mafi kyau da mafi muni a kowace sanda, na ɗauki na tsakiya.

Ayan 7 yana sauka wajen yadi 146. Daga fichin weji zuwa 6 ratar tana tafiya daidai, yadi goma zuwa sha biyu. Daga nan sai ta toshe: 5 bai fi 6 da komai ba, kuma a kwance yake tafiya. Dalilin a fili yake, fuskar da ta miƙe sosai tana bukatar gudu kafin ta ɗaga ƙwallo, ni kuma ba ni da shi. Na cire 5 na sa haibirid, sanda mai ɗan kumburarren kai da ta fi sauƙin ɗaga ƙwallo, mai digiri 25 da na karɓa aro. Wasu a filinmu suna ganin haibirid sandar tsofaffi ce. A 2009, a Hazeltine, da ita Y. E. Yang na Koriya ta Kudu ya buga bugun ramin ƙarshe da ya kayar da Tiger Woods a gasar PGA Championship. Doka ta ba kowa sanduna 14, ba ta ce dole a sa wadda ba a iya bugawa ba.

Lambobin nan na zafi ne, iska mai zafi ba ta da kauri, ƙwallo ta fi tafiya a cikinta. Zan sake awo in sanyi ya dawo. Baba ya kuma ja mini kunne kan barin jaka a but ɗin mota da rana, ya ce ya sha ganin kan sanda ya fice ya bi ƙwallo saboda gam ɗin da ke riƙe da shi ya saki.

Asabar, 14 ga Yuni

Hidimar babbar sallah ta cinye mako guda, nama kuma ya yi nasa aikin, amma ban bar na asuba ba. Ma'aikacin fisiyon ya sake gwada ni: cinyar hagu tana murɗawa fiye da da, juyin ƙirji ya ƙaru sosai, tsayuwa da ƙafa ɗaya ido rufe har yanzu abin dariya ce. Ya ƙara mini jifan ƙwallo mai nauyi a bango ta gefe, da sauri, kaɗan-kaɗan, don a fara neman gudu tunda an sami wurin juyawa.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta farfaɗo, kuma a karon farko ina ganin fatar ƙasa tana tashi daga gaban ƙwallo. Ita ma tana ba da labari: ta fi zurfi ta ɓangaren diddige. Gwajin layi ya sake nuna karkata wajen baki, kaɗan dai. Hannayena sun ƙara yin ƙasa a lokacin bugu, don haka sandunan na bukatar a kwantar da su digiri ɗaya. Wani mai walda da nake hulɗa da shi ya ce in kawo ya matse a bais ya ɗan taɓa da guduma. Na yi masa godiya. Digiri ɗaya ba abin da ido ke aunawa ba ne, na ba wani abokin wasa da zai je Abuja ya kai inda injin yake.

Asabar, 5 ga Yuli

Sandunan sun dawo, layin ya tsaya cak a 7 da 9. Handikaf ya sauko wajen 16, kodayake tsarin da ake bi tun 2020 yana ɗaukar mafi kyawun zagaye 8 ne daga 20 na ƙarshe, don haka har yanzu akwai katunan hunturu a cikin lissafin. Abin da na fi lura da shi ba yawan hawa girin ba ne, inda nake kuskurewa ne. Da can kuskurena yadi talatin ne gajere ko a bayan girin, yanzu yawanci a gefensa ne, inda ɗan gajeren bugu ɗaya da fota biyu suke fitar da ni. Ciwon kwankwason ranar Lahadi ya tafi. Daga rami na 15 miƙewar tana dawowa in na gaji, wannan aikin ƙafafu ne da numfashi, na fara hawa Dutsen Dala da safiyar Laraba saboda shi.

Sabuwar matsala tana ƙasan jaka. Fichin weji na sabon saitin digiri 44 ne, wejin yashi da na gada 56, ratar digiri 12, wato daga yadi 110 zuwa wajen 80 ba ni da cikakken bugu. Ina bukatar weji mai digiri 50. Abin da ban yanke ba shi ne tudun tafinsa, wato tudun da ke ƙarƙashin kan sandar: mai tudu sosai yana hana nutsewa a jiƙaƙƙiyar ƙasar damina, amma daga Nuwamba zai riƙa tsalle a kan tauri, kuma watannin rani sun fi na ruwa yawa a Kano. Kocin yana da guda biyu, mai tudun digiri 8 da mai 12, ya ce in karɓa in gwada ranar Asabar mai zuwa, a kan ciyawa da kuma a kan busasshen wurin da ke bayan rumfar masu ɗaukar jaka.